Takalman Da Na Ɗinka Wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya san hanyar inda kake, ko da yake mu har yau ba mu san ta ba. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yar yarinyar nan da har ta fara tafiya ba mu taɓa ɗaukarta ba, sai dai mu riƙa miƙa wa juna waya muna kallon haƙoranta na gaba. Allah ya raya mana ita. Ya tsare ku daga zazzaɓin da ka ce yana yawan kwantar da mutane a wajenku, ya ƙara wa hannunka ƙarfi, ya kuma bar maka haƙurin nan da ya tattara na gidanmu duka ya ba ka, ni ya bar ni da baki. Ina roƙonsa ya warkar da marasa lafiyar da kuke yi wa hidima, musamman wadda zan yi maganarta nan gaba.

Mu nan gida muna lafiya, daidai gwargwado. Bayan Mama ya yi sauƙi tun da ta yarda ta bar wa Goggo wanki, sai dai tana tsayawa a kanta tana nuna mata inda ba ta cuɗa ba, har Goggo ta ce kullum addu'arta bayan nan ya warke sarai Mama ta karɓi aikinta. Safar Baba ce kaɗai ta hana kowa taɓawa, ita take wankewa da hannunta. Rufin shago da ke yoyo ta wajen taga mun gyara shi, yanzu ta wajen ƙofa yake yi. Mai shayin tsallaken titi ya ce in gaishe ka, wai tun da ka tafi bai sake samun mai sauraron labarinsa har ƙarshe ba. Kujerarka ta aiki tana nan inda ka bar ta, gefen keken ɗinki. Baba ba ya bari a zauna a kai. In wani ya nufe ta sai ya ce ƙafarta ɗaya ba ta da ƙarfi, alhali ni da kai mun san babu abin da ya kai ta ƙarfi a shagon nan.

Ban kira ka a waya kan wannan magana ba saboda dalili biyu. Na farko, sai ka hau tudun nan na bayan asibitinku kafin ka ji ni, rabin maganata iska ke kwashewa. Na biyu, in na buɗe baki na san zan faɗi abin da zai sa Anti ta karɓe wayar. A takarda aƙalla ina iya sokewa. Maganar Baba ce, da tafiyar da ya ɗora wa ransa cewa sai ya zo wurinka, da rantsuwar da na yi cewa ba zai je ba. Ka karanta daga farko, kada ka leƙa ƙarshe kamar yadda ka saba.

Ka san ban taɓa ɓoye maka fushina ba. Ranar da ka tsaya gaban ikilisiya ka ce Allah ya kira ka ka je ka ɗinka wa masu fama da kuturta takalma a wancan asibitin na ƙarshen duniya, kowa ya tafa, mata suka yi ta share hawaye, ni kuwa ina bencin baya ina tunanin wa zai riƙa ɗaga ƙofar shago da safe, don ni kaɗai ba na iya ta sai na sa gwiwa. Kai ne ka iya lallashin abokin ciniki, kai ne kake fahimtar Baba in ya yi gyaran murya, kai ne in na kwaso tsoffin littattafai wurin mai shimfiɗa su bakin titi kake zama ka ji abin da na karanto, ko da kana hamma. Ka tafi da duk wannan a jaka ɗaya. Shekarun nan ina aiki kusa da kujerar da babu kowa a kai, wani lokaci in juya in ce miƙo mini gam, sai in tuna. Ba na faɗa maka don ka ji nauyi ba ne. To, ƙarya nake, ina so ka ji kaɗan.

Sai ga kwalin nan da ka aiko ta hannun direbanku, mai zanen tafin ƙafar tsohuwar da kuke kira Mai Waƙa. Ka ce za ta je bikin jikarta, ba ta so ta shiga cikin mutane da baƙin takalmin robar nan da kuke yi, wanda duk wanda ya gan shi ya san daga inda ta fito. Tana son takalmi irin na kowa, ko sau ɗaya ne. Ka ce kai ba ka da fata mai kyau a can, kuma hannunka bai kai na Baba ba. Yaya, da ka ga tsohon nan! Ya sauko da fatar da yake ɓoyewa saman kabad, wadda ko matar mai gidan haya ya hana. Ya yi mata irin aikin da yake yi wa manyan mutane: ya kama ƙafa cif-cif ba wani sako-sako, baya mai tauri don ya tsaya da kyau, ɗinki a ɓoye ta ciki don kada ya ɓata fuskar takalmin, dunduniya kuma ya kafe ta da 'yan ƙananan ƙusoshi a jere kamar haƙoran mataji. Ya goge shi har kana ganin fuskarka. Ni ma na yaba, ka kuwa san ba na yabo da arha. Babu ɗayanmu da ya tsaya ya yi tunani.

Da ka kira daga baya, ka yi ta kewaye-kewaye irin naka, amma wayar a buɗe take Baba yana ji. Ta sa takalmin ta wuni da shi tana rawa, ta dawo tana dariya tana sa wa Baba albarka, sai da aka cire aka ga safa ta manne da jini. Ɗinkin ciki ya yanke ta a gefen yatsa, kan ƙusa ɗaya ya huda diddige, ita kuwa ba ta ji komai ba, don ƙafarta ta daɗe da daina ji. Ka ce laifinka ne, ka shafa cikin takalmin ka ji tauri amma ka kasa raba ta da shi saboda murnarta. Ka ce ana ta fama kada miki ya zama gyambo. Baba ya ajiye guduma, ya kashe rediyo, abin da ban taɓa gani ya yi da rana ba.

Washegari yana yankan fata ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, wai ya gane abin da ya faru. Ka san yadda yake yi da kowa: sa, taka, je ka bakin titi ka dawo, gaya mini inda yake cizonka. Mutum ya ce nan, ya buɗa nan. Ya ce can, ya sassauta can. Ya ce ashe duk rayuwarsa bakin mutane yake ɗinka wa takalmi, ba ƙafarsu ba, ranar da aka kawo masa ƙafar da ba ta da baki sai ya yanka ta. Ya ce ba zai sake ɗinka wa zanen kwali komai ba. Zai je ya riƙe ƙafar matar nan da hannunsa, ya roƙi gafararta, ya yi mata takalmin da take so wanda ba zai cuce ta ba, in kuma akwai wasu irinta ya zauna ya yi musu, ya koya wurinka abin da bai sani ba. Baba fa, zai koya wurinka. Na ɗauka wasa yake. Mutumin da tun kafin a haife ni bai kwana wani gari ba, wanda in aka canja masa matashi sai ya tashi da ciwon wuya, mai shan maganin ciwon sukari safe da yamma.

Abin da na faɗa masa ba zan rubuta duka ba. Na ce gidan nan an riga an ba Allah mutum ɗaya, kuma mafi kyawun, in yana son ƙari ya duba gidajen da ke da 'ya'ya maza da yawa. Na ce kai da bakinka ka faɗa in ruwan sama ya kankama hanyarku takan yanke, babban asibiti kuma wuni guda ne a mota. Na ce tausayi daban, wauta daban. Ya bar ni na gama, ya ce in miƙo masa zare.

Na tafi wurin Fasto, don na san Baba yana jin maganarsa. Ka tuna wa'azin da yake so, na barin jin daɗi a bi Ubangiji inda babu tabbas? Ya sake yinsa kwanan baya, fanka biyu na kaɗa shi. Na ce masa ga abin da wa'azinsa ya jawo, ya zo ya kwashe kayansa. Bawan Allah ya dafe kai, ya ce shi matasa yake nufi, bai taɓa zaton Baba, tsohon da ke zama a benci na uku, shi ne zai ɗauka ba. Ya biyo ni shago da niyyar lallashi. Kafin ya gama gaisuwa Baba ya kalli ƙafarsa ya ce takalmin nan ya matse shi, ya cire a buɗa masa. Haka Fasto ya zauna da safa, ɗaya ma da huji, yana bayanin hikima da lura da shekaru, Baba na bugun takalminsa yana cewa haka ne, haka ne. Da ya gama sai Baba ya tambaye shi ko a cikin abin da yake karanta mana akwai inda aka yanka shekarun da kira ke daina zuwa. Fasto ya sa takalminsa, ya ce kai, ya ji daɗinsa yanzu. A bakin ƙofa ya ce da ni ba zai iya hana mutum yin abin da shi yake wa'azinsa bai yi ba. Na ce masa to aƙalla yau ya faɗi gaskiya ba makirufo. Mama ta sa na je na ba shi haƙuri, na je, amma ban janye ba.

Ka san ni, makaranta ban yi nisa ba, amma abin da na karanta na karanta shi da idona, ba a tauna mini ba. Na sha komawa wurin nan da Ubangiji ya kira masunta biyu 'yan'uwan juna, suka bar ubansu cikin jirgi suka bi shi. Kowa yana yabon waɗanda suka tafi. Ni kullum tsohon nake kallo, da tarun da aka bar masa rabi a gyare. Babu wanda ya rubuta yadda ya koma gida ranar, ko me ya ce wa uwarsu. Shekarun nan na ɗauka ni da Baba ne a jirgin, muna gyaran taru muna jin haushinka tare. Yanzu tsohon ma ya ɗaga ƙafa zai fita. Wannan kam ban ga inda aka rubuta shi ba, balle in san abin da wanda ya rage zai yi.

Ana cikin wannan ja-in-ja, wata ranar da hantsi ina shara sai na ga ɗigon jini a siminti, daga teburin yanka zuwa wurin keke, ya dawo, ya sake komawa. Na duba hannuna, na duba nasa, babu komai. Ka san yadda yake tuɓe silifas ya yi aiki ba takalmi. Yana tsaye yana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa, na sunkuya na ɗaga ƙafarsa kamar ta doki. Yaya, ƙusa ce, irin ta dunduniya, ta shige tafin ƙafarsa har kai. Yana ta yawo da ita yana waƙa. Na cire, bai ko motsa ba, sai kallona yake kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Na rufe ƙofar shago da rana tsaka na ce sai ya gaya mini tun yaushe. Ya ce an daɗe. Ciwon sukarin ne, ma'aikaciyar jinya ta gargaɗe shi tun bara cewa haka kan faru. Da farko kamar tururuwa ke yawo a yatsunsa, daga baya kamar yana taka auduga, yanzu in ya sa ƙafa a ruwa sai ya taɓa da hannu kafin ya san mai zafi ne ko mai sanyi. Na ce shi ke nan magana ta ƙare, babu inda za shi. Ya ce a'a, nan ma ta fara. Ya ce ranar da ya ji labarin Mai Waƙa ba tausayinta kaɗai ya ji ba, ƙafarsa ya gani a cikin safar nan. Wai lokacin da yake da ƙafa mai ji bai je ko'ina da ita ba, daga gida sai shago sai benci na uku. Ko tasha bai raka ka ba ranar da za ka tafi, ya fake da aikin wani ango, alhali kunya ce ta hana shi, don ɗansa ya tashi shi yana zaune. Ya ce bai sani ba ko Allah ya taɓa kiransa a da, rediyo ya hana shi ji, amma wannan karon ta ƙafa aka kira shi, kuma in ya jira ta warke ba zai taɓa tafiya ba, don ba warkewa za ta yi ba. Na ce in ya mutu a can fa? Ya ce a nan ma ai ba a yi masa alkawarin zama ba.

Na fita a fusace na nufi gida, na ce bari in kai ƙara inda ba a ɗaukaka ta. Na tarar da Mama tana shanya. Na zayyana mata komai, ƙusa, jini, auduga, ina jira ta saki kwano ta kama salati irin nata. Ta ci gaba da matse safa. Ta ce ni a zatona me ya sa ba ta bari Goggo ta wanke waɗannan? Ta daɗe tana ganin tabo a jikinsu, tana jira ya faɗa da bakinsa. Na ce to ta hana shi mana. Ta ce in ya zauna, a shagon da ƙasansa duk ƙusa ce zai zauna, tsakanin ni da ita da ba mu san yadda ake duba irin wannan ƙafa ba, can kuwa aikinsu ke nan tun safe har yamma. Na ce hanya fa, nisan asibiti fa, zazzaɓi fa? Ta ce ta sani, ta fi ni sani, ita ce za ta kwana ita kaɗai a ɗakin. Ta ce ta auri mutum ne ba kujera ba, kuma tun da ka tafi ba ta ga idonsa ya yi haske irin na kwanakin nan ba. In ta riƙe shi, gangar jiki za ta riƙe. Ita za ta zauna tukuna, wai don kada in kori sauran masu kawo mana aiki da bakina. Ta faɗi wannan tana dariya, amma safa ɗaya ta yi ta matsewa bayan babu sauran ruwa a jikinta.

Ban ce na yarda ba, Yaya, har yau ban faɗa ba. Abin da na ce shi ne ba zai taka ƙofar gidan nan da takalman da yake da su ba, don duk irin na Mai Waƙa ne, masu kyau masu yanka. Ka tuna na kira ka ina tambayar irin soson da kuke shimfiɗawa a ciki da yadda kuke juya ɗinki waje, har ka yi murna kana cewa ko ni ma kira ya fara zuwa mini? Ba kira ba ne, leƙen asiri ne. Na haɗa da abin da na tsinta a wani tsohon littafin jinya da bangonsa ya cire. Na sa Baba ya tsaya a kan kwali da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, nauyinsa duka a kai, na zana. Sannan na durƙusa na riƙe ƙafar. Ka san tun da nake ban taɓa riƙe ƙafar Baba ba? Na auna ta dubban mutane, masu wari da masu kaushi, amma tasa ban san ta ba. Tana da faso a diddige, babban yatsan hagu ya karkace, ga wani tsohon tabo da ban san labarinsa ba. Ina latsawa ina tambaya nan fa, nan fa, yana cewa in daina ɓata bakina. Na tuna wurin da Ubangiji ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. A majami'a ana karanta shi da murya mai daɗi, amma mu masu wannan sana'a mun san a ƙasa ake yinsa, hanci kusa da abin. Ban san me ya shiga idona ba. Na ce ƙurar fata ce, ya ce ai kuwa yau ba a goge fata ba.

Na yi su ba ƙusa ko ɗaya, gam da zare kawai. Gaba mai faɗi, ɗinki duk ta waje, ciki sumul kamar kumatun jariri. Saura gwaji, ga shi ba zai iya gaya mini inda yake cizonsa ba. Sai na sato jan bakin Goggo na shafa masa a duk inda ƙashi ya turo, na sa masa takalmin ba safa, na ce to Baba, taka, je ka bakin titi ka dawo. Ya harare ni, amma ya tafi. Da ya dawo na cire na leƙa ciki, duk inda ja ya kama fata na san nan yake gogawa, na buɗa, na sake shafawa, ya sake tafiya. Mai shayi ya leƙo ya ga Baba zaune da jajayen yatsu, ya ce ashe tafiyar ta aure ce ba a gaya masa ba. Goggo kuwa da ta ga abin da ya rage na jan bakinta ta ce in Allah ya kira mutum ya kira shi da kayansa, ban da nata. Mun yi ta yi har ranar da na leƙa ban ga ja ko ɗigo ba.

Ya ɗauki takalman ya juya su, ya sa hannu ciki ya lalube kamar mai neman laifi, ka san shi. Ya ce munana ne, kamar burodin da aka zauna a kai. Ya sake juya su. Sai ya ce amma ba za su yanki kowa ba, kuma shi bai taɓa ɗinka irinsu ba. Daga ranar bai sake sa wani ba. Yabon da na samu ke nan a duk shekarun da na yi a gefensa, kuma ya ishe ni.

To ga ƙarshen da na hana ka leƙawa. Baba zai biyo direbanku a zuwansa na gaba. Ni na wasa masa wuƙaƙe, na naɗe basilla da kwarashi a tsumma, na sa masa ragowar fatar saman kabad don Mai Waƙa. Sharaɗi ɗaya na kafa, cewa zan gaya maka komai game da ƙafarsa, ya yi gunaguni ya yarda, don haka kada ya yi maka musu. Kullum yamma ka zaunar da shi ka duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, da idonka, kada ka tambaye shi, zai ce lafiya lau. Ka zazzage takalmansa kafin ya sa. Kada ya yi aiki ba takalmi ko da zai yi fushi. Ka taɓa ruwan wankansa. Maganinsa yana cikin gwangwanin da Mama ta ɗaure da zare ja, kafin ya ƙare ka aiko. Matashinsa ma zai zo da shi, kada ka yi masa dariya. In ka ga miki ko kamar ƙwayar gero ne, ka hau tudun nan ka kira ni, ko iska za ta kwashe rabin zagin da zan yi maka.

Har yanzu ina jin tsoro, kuma har yanzu ban ga dalilin da zai sa bin Ubangiji ya riƙa kwashe mini mutane ɗaya bayan ɗaya ba. Na faɗa masa haka a addu'a, da irin muryar da na yi wa Fasto, bai kuwa sa an kira ni in ba da haƙuri ba. Abin da na lura kawai shi ne, da ina ɗinka takalman nan, na san sarai ina ɗinka abin da zai raba ni da Baba ne, hannuna kuma bai tsaya ba. Wataƙila wanda aka bari a jirgi ma akwai abin da ake nema ya saki. Kujeru biyu ke nan zan riƙa cewa ƙafarsu ba ta da ƙarfi.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce na gode da haƙurin zama da mutumin da ba ya fushi, na san ba sauƙi. Ka sumbaci 'yata, ka gaya mata tana da baba ƙarami mai faɗa wanda zai yi mata takalmin makaranta. Ka gaishe da Mai Waƙa, ka ce ni ma na yaba takalmin da ya yanke ta, ta yafe mini tare da Baba. Ka gaishe da direba da ma'aikatan jinya. Mama tana gaishe ku, ta ce ka daina aiko hoton da kake tsaye nesa, tana so ta ga ko ka rame. Goggo tana gaisuwa, ta ce a sayo mata jan baki. Fasto ma yana gaisuwa, ya ce yana yi muku addu'a, kuma na yarda yana yi.

Abu na ƙarshe. Ƙafar katakon nan da Baba ya sassaƙa daidai taka, wadda ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, ya so ya taho da ita na hana. Ya ce ai ko ya bar ta ba ta da amfani, mutumin da ya yi shekaru yana hawa tudu ƙafarsa ta canja. Na sauko da ita na share mata ƙura, na ga gaskiyarsa, yanzu ban san girman ƙafarka ba. A hoton ƙarshe na ga takalminka ya buɗe baki, ana ganin yatsa, kai mai ɗinka wa mutane. Ina da fata, na kuma iya yanzu. Amma kada ka aiko mini da kwali, a shagon nan mun daina karɓar zane. Ka zo da ƙafar, Yaya, in riƙe ta.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ne ƙaninka,
wanda Baba ke kira Almakashi.